Yadda za ka gane ma'anar kalmar Turanci idan tana da ma'ana fiye da ɗaya

Tambayar nan ta yi ta zuwa, musamman daga masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da kuma 'yan uwa da suka bar makaranta tuntuni amma takardar ofis ko ta asibiti ko saƙon banki ke ɗaure musu kai. Wai mutum ya san kalma sarai, tun firamare ya haddace ta, sai ya gamu da ita a wani wuri ta ƙi zama, ya buɗe ƙamus ya tarar da ma'ana goma sha wani abu a jere, ya rasa ta kamawa. To bari mu bi abin daki-daki. Ka riƙe wannan tun yanzu, buɗe ƙamus sai can a mataki na 6 zai shigo, kuma yawancin kwaɓar da ake yi daga tsallake matakan da ke gabansa ne.

Kuma ba wani baƙon abu ba ne a wurinka. Kai da kake cewa an ci tuwo, an ci zaɓe, an ci bashi, an ci amana, an ci kasuwa, an ci mutunci, ba ka taɓa zaton cokali aka sa aka ci zaɓen ba, don kalmar da ke biye da "ci" ita ke gaya maka inda aka dosa. Abin da kunnenka ke yi da Hausa ba tare da ka sani ba, shi za ka riƙa yi da gangan a Turanci har ya bi jiki.

Kayan aiki da abin da za ka kashe

Na farko ƙamus na masu koyo, wato wanda aka rubuta don waɗanda Turanci ba harshensu ba ne. Uku ne suka fi shahara, Oxford Advanced Learner's Dictionary, da Longman Dictionary of Contemporary English, da na Cambridge. Dukkansu suna da shafi a intanet da ake dubawa kyauta, data kawai za ka ƙona, kuma rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Ni na fi tura sabon shiga wajen Longman saboda da kalmomi kusan 2000 masu sauƙi suke yin duk bayaninsu, ba za ka je neman ma'anar kalma ɗaya ka dawo da wasu uku da ba ka sani ba.

Idan netwok na ba ka matsala a garinku, ka sauke WordWeb a waya, kyauta ne kuma yana aiki babu data. Bayaninsa a taƙaice yake, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ƙamus na takarda kuwa farashinsa na tafiya ne da dala, don haka ka taya a shago biyu ko uku kafin ka biya, ka kuma leƙa wajen masu tsofaffin littattafai, bugun da ya wuce ma yana aiki lafiya lau. Gargaɗi a nan: akwai na jabu da yawa a kasuwa, ka buɗe tsakiyarsa ka duba ko tawadar ta dushe ko shafuka sun tsallake. Sannan ka rabu da ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu a wannan aikin, shi ma'ana ɗaya ko biyu yake bayarwa ya wuce, wato shi ne ma ke haifar da matsalar da muke son magancewa.

Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfani a matsayin na biyu. Akwai na Neil Skinner da aka buga a Zariya a 1965, akwai na Roxana Ma Newman na 1990 wanda ke rarrabe ma'anonin kalma da misalai. Sai dai ka san shekarunsu, kada ka nemi ma'anar da ta shafi wayar hannu ko intanet a ciki.

Sai littafin rubutu guda da biro. Shikenan kayan.

Mataki na 1: Karanta jimlar har ƙarshe

Da ka ci karo da kalmar kada ka tsaya a kanta, wuce ta, kai har aya. In ba ta fito ba ƙara da jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta. Misali an rubuta "They found him near the bank." Nan babu malamin da zai iya rantse maka ko banki ake nufi ko bakin kogi. Amma in jimla ta gaba ta ce "His canoe had capsized", kwalekwale ya kife kenan, magana ta ƙare, gaɓar ruwa ce. In kuma cewa ta yi "His ATM card was in his hand" to banki ne na kuɗi.

Gargaɗi: masu turo kalma ɗaya tilo a WhatsApp su ce malam mene ne ma'anar kaza, ku daina. Duk wanda ya ba ka amsa ba tare da ya ce turo jimlar ba, canka kawai ya yi.

Mataki na 2: Tambayi kanka, a ina ake wannan maganar

Asibiti ne, kotu ce, banki ne, makaranta ce, filin ƙwallo ne? Wannan tambayar kaɗai tana zubar da rabin ma'anonin tun kafin ka wahala, don kowane waje yana da ma'anar da ya riƙe.

Ɗauki "credit". A alat na banki kuɗi ne suka shigo. A sakamakon WAEC makin C4 zuwa C6 ne. A waya katin kira ne. A shago in aka ce "on credit" bashi ne aka ɗauka. Kalma ɗaya, wani wajen kuɗi sun shigo maka, wani wajen kai ake bi.

Asibiti ya fi ko'ina tara irin waɗannan. "Admission" a makaranta abin murna ne, an samu gurbi, a asibiti kwantarwa ce aka ba mutum gado. "Labour" a labarai ƙwadago ne, a ɗakin haihuwa naƙuda. "Delivery" a wajen masu sayar da kaya a intanet kawo saƙo ne, a wajen ungozoma haihuwa ce. "Stool" da muka koya a firamare kujera ce 'yar tsugunno, amma in ma'aikacin lab ya miƙo maka 'yar roba ya ce a kawo "stool", bayan gida yake nufi. "Suspension" a wajen aiki dakatarwa ce, a jikin kwalbar maganin yara kuwa maganin ruwa ne da ake girgizawa kafin a ba da, a wajen bakanike kuma kayan ƙasan mota ne masu shanye gargada.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce "outstanding". Yaro ya je kafe na intanet ya duba sakamakonsa, ya ga an rubuta ta a gaban wani darasi, shi kuma a aji an koya masa cewa fitacce take nufi, wanda ya yi zarra, sai ya taho gida da fara'a har yana nuna wa ƙannensa takardar. Alhali a nan nufinta sakamakon bai fito ba tukunna, ana kan aikinsa. Haka in banki ko makaranta suka ce "outstanding balance", ragowar kuɗin da ake binka ne.

A kotu "sentence" hukunci ne ba jimla ba, "case" shari'a ce, "party" ɓangare ne na masu shari'a, ba jam'iyya ba ba kuma liyafa ba, "suit" ƙara ce da aka shigar ba kwat ba.

Mataki na 3: Gano aikin da kalmar ke yi a jimlar

Suna ce, aikatau ce, ko sifa? Kada kalmomin nahawu su tsorata ka, alamomin a fili suke. In ka ga "a", "an", "the", "my", "his", "this" a gabanta, to galibi suna ce, ko sifar da ke jan suna a bayanta. In ka ga "will", "can", "did", "should" a gabanta, ko ta biyo bayan "he", "she", "they" kai tsaye, ko ta ɗauki "ed" a ƙarshe, aikatau ce. In ta biyo bayan "very" ko "too", galibi sifa ce.

Gwada da "fine". "He is fine" lafiyarsa ƙalau. "He paid a fine", ga "a" nan a gaba, suna ce, tara ya biya. "He was fined", an ci shi tara. Harafin d guda ɗaya ne tsakanin lafiya da tara.

"State" ma haka. A fom in an ce "state of origin" jiharka ake tambaya. In aka ce "State your name", ita ta buɗe jimlar tana ba da umarni, faɗi sunanka. "State of emergency" dokar ta-ɓaci ce, a nan hali ko yanayi take nufi. "Head of state" kuma shugaban ƙasa ne ba gwamnan jiha ba. "Book a seat" ba ruwansa da littafi, kama kujera ne tun kafin ranar tafiya. "A kind man" mutum ne mai kirki, "a kind of fish" wani irin kifi ne.

Gargaɗi: an saba koya wa yara cewa duk abin da ya biyo bayan "to" aikatau ne. Ba kullum ba. "To court" a cikin "They took him to court" kotu ce aka kai shi, suna ce. Ka duba ko "to" ɗin na nuna wurin da aka nufa ne kafin ka yanke.

Mataki na 4: Dubi maƙwabtanta

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Kalmomin Turanci mafiya sauƙi su ne mafiya yawan ma'ana, irin su "run", "set", "get", "take", "put". Masu babban ƙamus na Oxford da suka sake bitar "run" a 2011 sun lissafa mata ma'ana 645 a matsayin aikatau kaɗai. Ba wanda ya haddace wannan, Turawan ma ba su haddace ba, maƙwabciyar kalmar suke kallo. "Run a shop" gudanar da shago. "Run for governor" tsayawa takarar gwamna. "Run a test" yin gwaji. "Run out of fuel" mai ya ƙare. A cikin huɗun nan ba inda aka yi gudu da ƙafa.

Ka fi sa ido kan 'yan ƙananan kalmomin nan da ido ke tsallakewa, "in", "on", "of", "off", "with", "for", "out", "up". Su ne sitiyarin. "Interest in" sha'awa ce, "interest on" kuɗin ruwa ne a kan bashi, ka ga wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga wanda ke gudun riba. "Charged with" an tuhume shi da laifi, "in charge of" shi ke kula da wurin, "charge for" cajin kuɗi ne, "free of charge" kyauta. "Call on" kira ne ga wani ya yi abu, "call off" sokewa ne. "Put on" sanyawa, "put off" ɗagewa, "put out" kashe wuta, "put up with" haƙuri da abu. "Look after" kula, "look into" bincika, "look down on" raina.

Wani lokacin ma haɗin kansa yana da ma'ana biyu. "Pass out" suma ce, amma ɗan bautar ƙasa ko sojan da ya gama horo in ya ce ya yi "pass out", yaye shi aka yi. Kada kuma ka haɗa ta da "pass away", wannan rasuwa ce, kuma an sha jin mutum na son cewa wani ya suma ya sanar da mutuwarsa.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, 'yar ƙaramar kalmar tana iya yin nisa da uwarta. "They called the three-week strike off", ga "called" a farko ga "off" can a ƙarshe, amma tare suke, an janye yajin aiki. In ba ka kai ƙarshen jimla ba sai ka fahimci kishiyar labarin, ka ɗauka yanzu aka kira yajin. Na biyu, idan ka fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya ka ga abin ya zama shirme, kamar "He kicked the bucket" a labarin da babu bokiti, to salon magana ne, a dunƙule za ka neme shi ba a rarrabe ba.

Mataki na 5: Ƙananan alamu, harafin s, babban baƙi, da lafazi

Harafin s na ƙarshe ba kullum jam'i kawai yake nunawa ba, wani sa'in ma'anar yake juyawa gaba ɗaya. "Custom" al'ada, "customs" kwastan. "Good" mai kyau, "goods" kaya. "Arm" hannu, "arms" a labarai makamai. "Damage" ɓarna, "damages" diyyar da kotu ta yanke. "Glass" gilashi, "glasses" tabarau. "Minutes" a wajen taro ba mintoci ba ne, rubutaccen bayanin abin da aka tattauna ne.

Haka kasancewar "a" ko rashinta. "There is a room" akwai ɗaki, "There is room" akwai sarari. Babban baƙi a tsakiyar jimla shi ma alama ce, "March" watan Maris, "march" maci, "Turkey" Turkiyya, "turkey" talotalo, "May" watan Mayu, "may" mai yiwuwa.

Sai waɗanda rubutunsu ɗaya amma furucinsu daban, kamar dai yadda muke rubuta gari da gari, na zama da na tuwo, baki ne ke raba su. "Lead" in an ja ta an ce liid jagoranci ne, in an ce led dalma ce, shi ya sa labaran gubar dalma ta Zamfara a 2010 suke cewa "lead poisoning", ba shugabanni aka sa wa guba ba. "Live" akwai lib na rayuwa akwai laib na kai tsaye. "Minute" akwai minit akwai mainyut, ƙanƙanin abu. "Tear" akwai hawaye akwai yagewa. Akwai kuma rukunin da nauyin murya ke rabawa, in ka danna gaɓar farko suna ce, in ka danna ta biyu aikatau ce, irin su "record", "present", "object", "produce", "refuse". Ta ƙarshen nan in suna ce shara take nufi, in aikatau ce ƙi. Masu WAEC ku kula, wannan na fitowa a takardar lafazi.

A shafukan ƙamus ɗin nan akwai 'yar alamar lasifika, danna ka saurara. Akwai kuma YouGlish da ke ciro maka wuraren da aka furta kalmar a bidiyon YouTube, yana da kyau amma yana shan data, a bar shi sai an samu waifai ko datar dare.

Mataki na 6: Yi hasashe, sannan ka buɗe ƙamus

Kafin ka taɓa ƙamus faɗa wa kanka da Hausa abin da kake zato, ko da a dunƙule ne, kamar ka ce wannan dai wani abu ne mara daɗi da ya shafi kuɗi. Amfanin hakan shi ne ka shiga da abin da kake nema, ba ka shiga kana lalube ba.

In ka buɗe, ga yadda za ka bi. Fara zaɓar sashen da ya dace da abin da ka gano a mataki na 3, don ƙamus yana raba suna daban aikatau daban, a intanet wani lokacin ma shafinsu daban ne, sai ka duba gefe ko ƙasa ka danna wanda kake so. Daga nan ka bi lambobin, 1, 2, 3, kana karanta 'yan gajerun kalmomin da ake sawa a kan kowace ma'ana kamar allon hanya, ba sai ka karanta dukkan bayanin ba. Ka kula da tambarin da ake liƙa wa wasu ma'anoni, "law", "medical", "finance", "informal", "slang", su ne za su haɗa ka da wurin da ka gano a mataki na 2. Harafin C yana nufin abin da ake ƙirgawa, U wanda ba a ƙirgawa. In ka ga ma'anar da ta yi kama, karanta misalan da ke ƙarƙashinta, misalin da ya yi kama da jimlarka a gini shi ne shaidarka. In ka ƙare lambobin ba ka samu ba, gangara ƙasa, can ake jera salon magana da haɗe-haɗen nan na mataki na 4.

Gargaɗi: babban kuskure shi ne ɗaukar ma'ana ta 1 a rufe littafi. Ƙamus na masu koyo yakan fara da ma'anar da aka fi amfani da ita, wadda ka riga ka sani kenan, kuma da ita ce ake nufi ai da ba ka zo ba. Wasu ƙamusoshin ma, irin babban Oxford mai juzu'i da yawa, da mafi tsufa suke farawa, sai ka ɗauko ma'anar da aka daina amfani da ita tun zamanin kakanni.

Google Translate kuma, wanda aka sa wa Hausa tun 2013, kada ka ba shi kalma ɗaya, zuba masa jimlar gaba ɗaya, kuma ka ɗauki amsarsa a matsayin ra'ayi na biyu. Haka ChatGPT da Meta AI na cikin WhatsApp, suna taimakawa in ka ce ga jimla, me kalma kaza ke nufi a nan, ba ni wasu misalai uku masu irin wannan ma'anar. Amma suna iya shirga maka kuskure cikin ƙwarin gwiwa, Hausarsu ma wani sa'in sai a hankali. Kuma don Allah kafin ka tura hoton takarda ka rufe suna da lambar akawun da BVN.

Mataki na 7: Gwajin musanya

Cire kalmar, sa ma'anar da ka zaɓa a gurbinta, sake karanta jimlar tun daga farko. In ta zauna daram kuma ta dace da sauran sakin layin, ka samu. In ta yi tsalle koma lamba ta gaba.

"The governor promised to address the problem." Sa adireshi, shirme. Sa jawabi, ai ba a yi wa matsala jawabi. Sa magancewa, ta zauna. "The situation is grave", kabari bai shiga ba, tsanani ne. "A novel idea" sabuwar dabara ce ba littafin labari ba.

Wannan matakin shi ne jarrabawar kanta. WAEC takan ciro kalmomi daga cikin labarin da aka ba ka ta ce ka kawo wata da za ta maye gurbinsu kamar yadda aka yi amfani da su a wurin, kuma dole amsarka ta zo da siffa ɗaya da ta asali, in da "ed" ta zo ka ba da mai "ed", in jam'i ce ka ba da jam'i, in ba haka ba makin ya tafi ko da ka gane ma'anar. A JAMB kuwa, inda Turanci ke da tambaya 60, cikin zaɓin da ake jerawa sau da yawa akwai ɗaya da aka ajiye musamman don mai gaggawa, wato sananniyar ma'anar kalmar wadda ba ita ake nufi a jimlar ba. In ka ga amsa ta zo maka da sauƙi fiye da kima, sake musanyawa kafin ka danna.

Gargaɗi mai nauyi: akwai kalmomin da ke ɗauke da ma'ana da kishiyarta. "Sanction" takunkumi ce, kuma amincewa ce. "Oversight" sa ido ne, kuma kuskuren da aka yi don ba a lura ba ne. "Execute" aiwatar da aiki ne, sa hannu a takardar yarjejeniya ne, kuma zartar da hukuncin kisa ne. Sannan "positive" a takardar gwaji ba albishir ba ne, an samu abin da aka je nema kenan. Duk abin da ya shafi magani, kotu, filin da za ka saya ko takardar da za ka sa wa hannu, ko gwajin musanya ya yi kyau ka tambayi likitan ko mai ba da maganin ko lauya. Kunyar tambaya ba ta kai asarar ba.

Mataki na 8: Turancin wa ake yi

In duk ka bi matakan abin bai zauna ba, duba daga ina rubutun ya fito. Makarantunmu Turancin Ingila suke bi, finafinai da yawancin abin da ke intanet kuma na Amurka ne. "First floor" a Ingila hawa na farko ne bayan ka taka bene, a Amurka ƙasa ne. "Football" a Amurka wani wasa ne daban da ake rungumar ƙwallo. "Table a motion" a majalisar Ingila da tamu gabatar da ƙudiri ne, a Amurka ajiye shi gefe ne. Ƙamus yana sa alamar BrE ga na Ingila, NAmE ko AmE ga na Amurka.

Namu na Najeriya ma yana da nasa. "Flash" na kira a katse, "dash" na kyauta, "go-slow" na cunkoson motoci, "balance" na canji, "drop" na shatar mota. A gida kowa zai gane, amma a jarrabawa ko wasiƙar da za ta fita waje ka yi hattara, a Ingila "go-slow" ma'aikata ne ke jan ƙafa da gangan. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci, ku tarkonku daban ne, kalmar da ta yi kama da ta Faransanci amma ma'anarta ta bambanta, "library" ɗakin karatu ne ba shagon littattafai ba, "actually" kuma a gaskiya take nufi ba a halin yanzu ba.

Mataki na 9: Rubuta, amma ba yadda aka saba ba

Kada ka yi layi biyu, Turanci a hagu Hausa a dama, wannan tsarin ne ya koya mana cewa kowace kalma ma'anarta ɗaya. Ka ba kowace kalma rabin shafi. Rubuta ta a sama, a ƙasa ka kwafe jimlar da ka same ta a ciki ɗungurungum, ka ja layi a ƙarƙashin maƙwabciyar da ta tona ma'anar, sannan ka sa ma'anar da Hausa da wurin da aka yi maganar, banki ko asibiti ko ƙwallo. Sauran wurin bar shi fili, ranar da ka sake gamuwa da ita da wata fuskar sai ka dawo ka ƙara.

Kuma kada ka kwafe duk ma'anonin da ke ƙamus, wahalar banza ce, ba za su zauna ba. Wadda ka gamu da ita da idonka kawai. Masu son waya akwai AnkiDroid, kyauta ne a Android, ka sa jimlar a gaban kati ma'anar a baya, shi zai riƙa dawo maka da su lokaci-lokaci.

Mataki na 10: Inda za ka samu abin gwaji kullum

Hanya mafi arha ita ce karanta labari ɗaya a harshe biyu. Daily Trust da Aminiya gida ɗaya ne, sau da yawa labari guda yana fitowa a duka biyun, haka manyan labaran duniya za ka same su a BBC ta Turanci da BBC Hausa. Fara da na Turancin, ware kalma biyu ko uku da ka ga sun sauya fuska, yi hasashenka, sannan ka buɗe na Hausar ka ga yadda 'yan jarida suka juya ta. Kanun labarai sun fi ko'ina irin waɗannan kalmomi don gajeru ake so, "strike" yau yajin aiki gobe harin jirgin sama, "bill" yau ƙudirin doka gobe takardar kuɗin wuta, "poll" yau zaɓe gobe jin ra'ayin jama'a. Sai dai ka tuna ba fassarar kalma da kalma suke yi ba, ma'anar za ka nema ba jerin kalmomin ba.

Masu kallon ƙwallo kuna da makaranta kyauta a gidan kallo. "Booked" an ba shi katin gargaɗi, "draw" kunnen doki ko kuma haɗa ƙungiyoyin da za su kara, "first leg" karawar farko, "pitch" fili, "save" gola ya tare, "cross" an kwaso ta daga gefe. Idonka na ganin abin da ya faru lokacin da mai sharhi ke faɗa, don haka ma'anar na shiga ba tare da ƙamus ba, in aka tafi hutun rabin lokaci sai ka rubuta guda biyu a waya, ka mayar da su littafi in ka koma gida.

Kalma uku a rana ta isa, kuma ranar Juma'a ko Lahadi ka rufe ma'anar Hausar da hannu, ka karanta jimlolin makon, duk wadda ta kufce maka ka sa mata alama ka ƙirƙiro mata sabuwar jimla taka ta kanka da irin wannan ma'anar, ka tura wa wanda ya fi ka Turanci ya duba maka.